Robert Haldane: Dattijon da ya buɗe wa samarin Faransa Littafin Romawa

A farkon shekara ta 1817, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato, sa'ad da garin Katagum da Malam Zaki ya kafa bai wuce 'yan shekaru da ginuwa ba, wani dattijo mutumin Sikotilan ya kama hayar ɗakuna a birnin Janeba, can tsakiyar Turai, ya sa aka ajiye dogon tebur a falonsa. Sau uku a mako, da maraice, samari masu karatun zama fastoci sukan zo su kewaye teburin nan, su ashirin, wani lokaci su kusa talatin. Mutumin ba fasto ba ne, ba wata ikkilisiya ce ta aiko shi ba, ba shi da takardar shaidar karatun tauhidi, Faransancinsa kuma bai kai ya yi koyarwa da shi ba sai da tafinta. Bai cika wata shida yana wannan aiki ba ya bar garin. Duk da haka, masu rubuta tarihin ikkilisiyoyin bishara na Faransa da Suwizalan ba sa tsallake ɗakin nan, domin da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki bishara zuwa garuruwan Faransa a ƙarni na 19 daga bakin teburin nan suka tashi. Sunan dattijon Robert Haldane.

An haife shi a Landan ran 28 ga Fabrairu, 1764, cikin gidan asali da dukiya. Mahaifinsa, Kyaftin James Haldane, shi ne mai gandun Airthrey, kusa da garin Stirling a Sikotilan. Ya rasu a 1768, mako biyu kafin a haifi ƙanen Robert, wanda aka raɗa wa sunan uban, James. Mahaifiyarsu Katherine mace ce mai tsoron Allah, wadda takan durƙusa a bakin gadon 'ya'yanta da dare tana yi musu addu'a, tana kuma koya musu Nassi tun ba su iya karatu ba. Ita ma ta rasu a 1774, Robert yana da shekara goma, James yana da shida. Kakarsu ta wajen uwa da kawunansu ne suka riƙe marayun. Shekaru fiye da ashirin suka wuce kafin a ga tsiron irin da uwar nan ta shuka, ita kuwa ba ta gani da idonta ba.

Yana da shekara 16 ya shiga rundunar sojan ruwa ta Ingila, a jirgin da kawunsa Adam Duncan ke jagoranta. Daga baya aka mai da shi wani jirgin yaƙi mai suna Foudroyant, ƙarƙashin Kyaftin John Jervis. A watan Afrilu na 1782 jirgin nan ya yi artabu da wani jirgin Faransa mai suna Pégase cikin dare, ya kama shi, Robert kuwa ya nuna jaruntakar da ta sa shugabansa ya yaba masa ƙwarai. Haɗuwarsa ta fari da samarin Faransa ke nan, ta bakin igwa. Da aka yi sulhu a 1783 ya ajiye kakin soja, ya zauna na ɗan lokaci a garin Gosport, inda ya saba da wani fasto mai suna David Bogue, sa'an nan ya koma Jami'ar Edinbara, ya zaga ƙasashen Turai kamar yadda 'ya'yan attajirai suka saba, ya auri Katherine Oswald, ya zauna a gandun ubansa. Wajen shekara goma ya yi yana dashen itatuwa, yana haƙa tafki, yana ginin katafaren gida. A kan wannan fili ne Jami'ar Stirling take a yau.

Abin da ya tashe shi daga wannan zaman jin daɗi, juyin juya halin Faransa ne na 1789. Da fari ya yi murna da shi, yana tsammanin zalunci ya kusa ƙarewa a duniya, har a 1794 ya tashi a taron manyan gundumarsa ya nuna ba ya goyon bayan yaƙin da ake yi da Faransa. Maƙwabtansa masu dukiya suka juya masa baya. Waɗanda suka ci gaba da zuwa gidansa fastoci ne, sukan kwana hira da shi a kan siyasa, daga siyasa hira ta gangara ga halin ɗan Adam, daga nan zuwa ga Littafi Mai Tsarki. Ya soma karatu da gaske, yana bin hujjojin bangaskiyar Kirista ɗaya bayan ɗaya kamar mai binciken shari'a. Amma shi da kansa ya shaida cewa mutumin da ya fi buɗe masa ido wani magini ne da ke aikin ƙodago a gandunsa. Sun yi tafiya tare cikin kurmin Airthrey wata rana, maginin ya bayyana masa a sauƙaƙe cewa ceto yana ga aikin da Almasihu ya gama a kan gicciye, mutum ba shi da abin da zai ƙara a kai. Mai gida ya saurari ɗan ƙodagonsa. Wajen 1795 ya ba da kansa ga Ubangiji, kusan lokaci ɗaya da ƙanensa James, wanda ya bar aikin kyaftin na jirgin fatauci.

Robert ba mutum ne mai yin abu rabi da rabi ba. A 1796 ya ƙudura zai sayar da gandunsa ya tafi birnin Banaras na Indiya da bishara, shi da Fasto Bogue da wasu fastoci biyu, da masu ɗab'i da malaman makaranta, duka a aljihunsa. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ke riƙe da ƙasar a lokacin, ya hana su izini, don tsoron kada wa'azi ya ɓata masa ciniki, ga kuma tuhumar da ake yi wa Haldane ta son juyin Faransa. Ƙofar Indiya ta rufe, amma bai fasa sayar da Airthrey ba. Ya sayar a 1798, ya juya kuɗin ga ƙasarsa. Shi da James da abokansu suka kafa ƙungiyar yaɗa bishara a cikin gida. James ya zama mai wa'azin yawo, yana tara dubbai a kasuwanni da filaye har zuwa tsibiran arewa; Robert shi ne mai tsari da mai biya. Ya gina manyan ɗakunan sujada a Edinbara da Gilasgo da Dundee da wasu garuruwa, ya buɗe makarantun koyar da masu bishara, inda samari wajen 300 suka yi karatu da kuɗinsa. Tsakanin 1798 da 1810 ya kashe fam 70,000 a wannan hidima, kuɗin da a zamanin nan ya isa ya sayi garuruwa. Babban taron Ikkilisiyar Sikotilan bai ji daɗi ba; a 1799 ya fitar da takardar gargaɗi da aka karanta a majami'u, ana jan kunnen jama'a game da masu wa'azin da ba a naɗa ba.

Har Afirka zuciyarsa ta kai. Ya yi alkawarin ɗaukar nauyin yara daga Saliyo, a kawo su Edinbara su yi karatu su koma su koyar da mutanensu. A 1799 Zachary Macaulay, gwamnan Saliyo, ya iso Ingila da yara fiye da 20. Sai gardama ta tashi a kan wanda zai riƙe tarbiyyarsu, aka tsare su a unguwar Clapham ta Landan, Haldane ya janye hannunsa. Wannan hali na rashin sassauci shi ne raunin mutumin, ya kuwa fito fili a 1808, sa'ad da shi da James suka karɓi koyarwar baftismar masu bi kaɗai. Ikkilisiyoyin da suka kafa suka rabu biyu, aka shiga jayayya mai ɗaci a kan gine-gine da basussuka, tsofaffin abokai kamar Greville Ewing suka zama abokan hamayya, ana musayar littattafan zargi a bainar jama'a. Ba za a ce laifin na gefe ɗaya ba ne, amma mai riƙe da kuɗi da takardun gini shi ne ya fi ikon sassautawa, bai kuwa sassauta ba. Aikin shekara goma ya tsaya cik. Robert ya sayi wani gandu a Auchengray a 1809, ya koma karatu da rubutu.

Tafiya zuwa Janeba

A watan Oktoba na 1816, shekara ɗari cif kafin a dawo da fadar Sarkin Katagum zuwa Azare, Haldane ya tashi da matarsa zuwa Faransa. Yana da shekara 52. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun ƙare a 1815, hanya ta buɗe, shi kuwa ya daɗe da nauyin ƙasar a zuciyarsa. Bai san kowa a can ba, ba shi da wani tsari. Ya yi zaton tafiyar 'yan makonni ce, sai ta zama ta shekara uku.

Ya kamata a san halin da ya tarar. 'Yan Furotesta na Faransa sun sha tsanani mai tsawo. A 1685 Sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes wadda ta ba su 'yancin sujada tun 1598. Aka rushe majami'unsu, aka kori fastoci, dubban ɗaruruwa suka yi hijira, waɗanda suka rage suka riƙa taruwa a ɓoye cikin duwatsu da dazuzzuka har kusan shekara ɗari. Sai a 1787 aka sassauta musu, a 1802 kuma gwamnatin Napoleon ta amince da ikkilisiyarsu, ta soma biyan fastoci albashi. Abin mamaki shi ne, bangaskiyar da takobi bai kashe ba, zaman lafiya da falsafar zamani sun kusa kashe ta. Jikokin shahidai suna alfahari da sunan kakanninsu, suna zuwa sujada, amma wa'azin da suke ji bai wuce nasiha a kan kyawawan ɗabi'u ba.

Janeba kuwa, ko da yake ta shiga tarayyar Suwizalan a 1815, birni ce mai magana da Faransanci, ta ma zauna ƙarƙashin mulkin Faransa daga 1798 zuwa 1813. Tun da John Calvin ya kafa makarantarta a 1559, nan ce rijiyar da ikkilisiyoyin Faransa ke ɗiban fastoci. Amma rijiyar ta gurɓace. Tun 1725 aka daina neman fastoci su sa hannu a kan shaidar bangaskiya, yawancin malamai kuma sun daina koyar da Allahntakar Yesu a fili. Frédéric Monod, ɗan wani fasto na birnin Faris, wanda yake ɗalibi a can lokacin, ya shaida daga baya cewa cikin shekara huɗu na karatun tauhidi ba a taɓa sa shi karanta ko sura ɗaya ta Littafi Mai Tsarki a aji ba, in banda 'yan Zabura da wasu surori don koyon Ibrananci. Seneca da Plato sun fi Bulus shiga aji. A ƙarshen 1816, da wani saurayi mai suna Empaytaz ya buga ɗan littafi yana kāre Allahntakar Almasihu, yana tuhumar fastocin garin, ɗaliban tauhidi suka yi taro suka sa hannu a takardar yin tir da shi. Biyu ne kaɗai suka ƙi, Henri Pyt da Émile Guers. Shugaban taron wani haziƙin saurayi ne mai suna Merle d'Aubigné.

Ba a ce babu sauran wuta a garin ba. Akwai 'yan tsirarun masu bi na ɗariƙar Morabiya, akwai ƙaramar ƙungiyar addu'a ta samari, akwai kuma matasan fastoci kamar Louis Gaussen da César Malan da suka riga suka soma neman gaskiya. Haldane bai ƙyasta ashana a kan ɗanyen itace ba. Abin da suka rasa shi ne mai koyarwa.

Zuwansa na fari bai haifar da kome ba. Ya gana da wani tsohon fasto mai suna Moulinié, mutum mai kirki, wanda ya yarda da duk abin da aka faɗa masa ba tare da wani abu ya motsa ba. Haldane ya wuce birnin Bern, ya dawo, har ya soma shirin barin garin gaba ɗaya. Sai wani ƙaramin abu ya faru. Fasto Moulinié ya yi alkawarin raka su kallon wani siffar duwatsun ƙasar da aka ƙera a bayan gari, ranar kuwa bai ji daɗin jikinsa ba, sai ya aiko wani ɗalibin tauhidi mai ɗan jin Turanci a madadinsa. Haldane ya shiga hira da yaron a kan bishara, ya tarar bai san kome game da ita ba, amma yana son ya sani. Hira ta kai dare. Kashegari ɗalibin ya dawo da abokinsa Charles Rieu. Da Haldane ya ga irin duhun da samarin nan ke ciki, da irin ƙishirwarsu, sai ya kwance kayansa.

Teburin

Daga watan Fabrairu na 1817 aka soma zaman a ɗakunan da ya kama kusa da dandalin shan iska na Saint-Antoine, daga ƙarfe shida zuwa takwas na yamma. A kan teburin akwai Littafi Mai Tsarki cikin Faransanci da Turanci da Jamusanci, da na asali cikin Helenanci da Ibrananci. Haldane yakan zauna a kai, da farin gashinsa da shigarsa ta tsofaffin Ingila wadda da fari ta ba samarin dariya. Yana magana da Turanci, ɗaya daga cikin ɗaliban, Rieu ko Monod ko wani, yana juyawa. Littafi ɗaya ya ɗauka, Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, aka bi ta aya bayan aya tun daga farko.

Wanda ya san karatun zaure a Azare ko a Kano zai gane wannan tsari nan da nan: malami a zaune, littafi a buɗe, ɗalibi ya biya, malami ya warware, ba a tsallake layi. Bambancin shi ne, a teburin Haldane kowa yana da izinin ya ta da gardama, kuma sun tayar. Samari ne masu ilimi, an horar da su cikin falsafa, sun zo da tambayoyi masu ƙaya: ta yaya zunubin Adamu zai shafi wanda ba a haifa ba tukuna, ta yaya Allah mai adalci zai baratar da mai laifi, ina amfanin aikin kirki in ceto kyauta ne. Abin da ya fi ba su mamaki, bisa ga shaidar Monod, shi ne yadda dattijon ba ya biye musu cikin musu. Ba ya kawo hujjar kansa, ba ya jin haushin tambaya. Sai ya buɗe Littafin, ya ɗora yatsa a kan aya, ya sa mai tambayar ya karanta da bakinsa, ya kai shi wata ayar a Ishaya ko a Yohanna wadda ta haskaka ta farko. Ya san Nassi kamar yadda manomi ya san iyakar gonarsa. Ba su taɓa ganin mutumin da ya ɗauki Littafi Mai Tsarki a matsayin magana ta ƙarshe a kan kowace tambaya ba, su da ake shirya su su yi wa'azinsa.

Labarin Merle d'Aubigné ya nuna inda koyarwar ta nufa. Wannan saurayi, wanda 'yan watanni kafin nan ya shugabanci taron yin tir da Empaytaz, ya ji Haldane yana bayanin lalacewar zuciyar ɗan Adam daga Romawa, abin da bai taɓa ji ba. Bayan an bi ayoyin, ya amsa cewa lalle yanzu ya ga wannan koyarwa tana cikin Littafi. Haldane bai bar shi a nan ba. Ya tambaye shi ko ya gan ta a cikin zuciyarsa. Merle ya ce tambayar nan ce ta soke lamirinsa, daga nan tubansa ya soma. Shekaru da yawa bayan haka yakan nuna wa baƙi tagogin gidan, yana kiransa mahaifar Gyaran Ikkilisiya na biyu a Janeba.

Akwai kuma abin da Haldane bai yi ba, wanda ya cancanci a lura da shi. Mutumin da batun baftisma da tsarin ikkilisiya ya tarwatsa masa aiki a Sikotilan, a Janeba bai ta da waɗannan batutuwa ba. Bai nemi samarin su bar ikkilisiyarsu ba, bai kafa wata ƙungiya da sunansa ba. Ya tsaya a kan zunubi, da alheri, da Allahntakar Almasihu, da barata ta wurin bangaskiya. Da alama raunukan 1808 sun koya masa abin da nasara ba ta koya masa ba. Ban da zaman maraice, ƙofarsa a buɗe take da rana ga duk wanda yake so ya zo shi kaɗai da damuwarsa, Gaussen da Malan ma ta wannan hanya suka riƙa zuwa.

Shugabannin ikkilisiya ba su yi barci ba. An ba da labari cewa wani daga cikinsu mai suna Chenevière yakan yi ta kai da kawowa ƙarƙashin itatuwan dandalin yana rubuta sunayen masu shiga gidan. A watan Maris Malan ya hau bagade ya yi wa'azi a fili cewa mutum ba ya samun ceto ta wurin ayyukansa sai ta wurin alheri kaɗai. Jama'a suka fusata, har danginsa suka ɗaure masa fuska. Haldane ne ya tarye shi a ƙofar gida ya riƙe hannunsa yana gode wa Allah. Ran 3 ga Mayu, 1817, majalisar fastocin Janeba ta kafa doka: duk mai neman a naɗa shi sai ya yi alkawarin ba zai yi wa'azi a kan abubuwa huɗu ba, wato yadda Allahntaka ta haɗu da mutuntaka cikin Yesu Almasihu, da zunubin gado, da yadda alheri ke aiki, da zaɓen Allah. Sun ce don zaman lafiya ne. Amma in an cire waɗannan huɗu daga Romawa, ba abin da ya rage sai gaisuwa. Samarin suka tsinci kansu a tsaka mai wuya: su sa hannu su sami aiki da albashi, ko su ƙi su rasa abin da suka yi shekaru suna karatu dominsa. Wasu suka ƙi. Pyt da Guers da abokansu suka kafa ƙaramar ikkilisiya mai zaman kanta a wannan shekara, 'yan gari suna jifansu da baƙar magana. Aka hana Malan bagade, daga baya aka raba shi da aikin koyarwarsa, sai ya gina ɗakin sujada a lambun gidansa a 1820.

A watan Yuni na 1817 Haldane ya bar Janeba ya shiga Faransa kanta, ya sauka a Montauban, a kudancin ƙasar, inda babbar makarantar horar da fastocin Furotesta take. Nan aikin ya ɗauki wata kama. Shi baƙo ne daga ƙasar da ta ci Faransa da yaƙi shekara biyu da suka wuce. A 1815 ma an kashe 'yan Furotesta a yankin Nîmes. Dokar ƙasa kuma ba ta yarda mutum fiye da 20 su riƙa taruwa a kai a kai ba sai da izinin hukuma. Saboda haka ya yi aikinsa a hankali, cikin hira da ɗalibai da fastocin da ke zuwa gidansa. Ya sami maraba daga shugaban makarantar, Daniel Encontre, masanin lissafi, ɗan ɗaya daga cikin fastocin zamanin ɓuya, wanda ya rasu a 1818. A Montauban ne ya tattara abin da ya koyar a bakin tebur ya mai da shi littafi, aka juya shi zuwa Faransanci, aka buga a 1819, aka rarraba wa fastoci da ɗalibai. A wannan shekara ya koma Sikotilan.

Samarin suka watsu. Charles Rieu ya tafi Danmak ya yi kiwon wata ikkilisiyar jikokin 'yan hijirar Faransa a Fredericia, ya rasu a 1821 tun bai kai shekara talatin ba. Henri Pyt ya zama mai bisharar yawo a ƙauyukan Faransa, daga arewa har zuwa Bayonne a kudu, ƙarƙashin wata ƙungiya da Haldane da Henry Drummond suka taimaka aka kafa a 1819, ya yi ta fama har ya rasu a 1835. Frédéric Monod ya koma Faris ya zama fasto, ya buɗe makarantar Lahadi a 1822 don yaran birnin, ya daɗe yana shirya wata mujallar Kirista, a 1849 kuma ya jagoranci kafa tarayyar ikkilisiyoyin bishara masu zaman kansu na Faransa, bayan babban taron ikkilisiyarsa ya ƙi tsai da shaidar bangaskiya. Merle d'Aubigné ya rubuta tarihin Gyaran Ikkilisiya wanda aka juya cikin harsuna da yawa. Shi da Gaussen suka buɗe sabuwar makarantar tauhidi a Janeba a 1832. Gaussen ya shahara da koyar da yara Littafi Mai Tsarki, cikin waɗanda suka taso a ƙarƙashin koyarwarsa kuwa akwai Henry Dunant, wanda ya kafa ƙungiyar samarin Kirista ta Janeba a 1852, daga baya ya zama sanadin kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross a 1863. Daga wannan farkawa ce kuma ƙungiyar mishan ta Faris ta fito a 1822, wadda ta aika masu bishara zuwa Lesotho a 1833, ta kuma karɓi aikin Kamaru a 1917. Ba Haldane kaɗai ne ya haifi waɗannan abubuwa ba, hannaye da yawa ne suka ɗauki jinkar, amma sunayen da suka zauna a teburinsa suna ta fitowa a cikinsu.

Shekarunsa na ƙarshe sun sake cika da jayayya. A 1824, shekarar da wasu 'yan ƙasarsa biyu, Kyaftin Clapperton da Likita Oudney, suka iso Katagum a kan hanyarsu ta zuwa Kano, ya buga doguwar amsa ga Chenevière, wanda ya zarge shi da ta da fitina a Janeba. Ya kuma ja dāga da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya saboda tana taimakawa a buga Littafi haɗe da littattafan Afokirifa don ƙasashen Turai. Ya yi nasara, ƙungiyar ta daina a 1826, amma zafin alƙalaminsa ya sake raba shi da mutanen kirki da dama, ƙungiyoyin Sikotilan kuma suka ware. A rubuce mutum ne mai kaushi. Waɗanda suka zauna da shi fuska da fuska, musamman samarin Janeba, haƙurinsa da natsuwarsa suka riƙa tunawa.

Tsakanin 1835 da 1839 ya fitar da sharhinsa na Romawa cikin Turanci, juzu'i uku, bayan ya faɗaɗa shi ƙwarai. Har yanzu ana sake buga shi. Ya rasu a Edinbara ran 12 ga Disamba, 1842, yana da shekara 78, aka binne shi a babbar majami'ar Gilasgo. Matarsa Katherine, wadda ta bi shi Janeba da Montauban, ta bi bayansa bayan wata shida. James ya ci gaba da kiwon ikkilisiyarsa a Edinbara har ya rasu a 1851.